Maginin gargajiyar da ya gyara mana zaure a cikin birni

Masu tsofaffin gidajen ƙasa a birnin Zazzau, dan Allah kafin ku kira mai siminti ku nemi maginan gargajiya tukuna, har yanzu akwai su. Zauren gidanmu na wajen Ƙofar Kuyambana ne ya tsage bayan daminar bara, irin mai bakan gizo ɗin nan da tulluwa a sama, kowa sai cewa yake a rushe kawai a sa bulo da kwano, Baffa ya ce shi dai ba da ransa ba. Nan aka haɗa mu da wani dattijo.

Da ya zo bai ce komai ba sai da ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, sannan ya ce simintin da aka shafa ta waje shekarun baya shi ya jawo, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita ƙasar ta yi ta jiƙa. Yaransa suka ɓamɓare shi tas. Azarar da gara ta ci ya zare ya sa sabuwa ta giginya, ƙasar yaɓen kuwa sai da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta kwanaki tana ruɓa, ya bi da makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwa, indararo ya ƙara musu tsawo, zankwaye biyun da suka karye ya tada su kamar ba su taɓa faɗuwa ba. Yanzu da azahar ka shiga zauren sanyi kamar cikin randa, ba fanka ba komai.

Shi ne ma ya ce in muna son ganin asalin wannan aikin mu leƙa tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim a shekarun 1830. Ginin zamani ya lulluɓe shi ta waje amma bakunan gizon suna nan ciki, har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos, mu ga shi a ƙofar gida ba ma zuwa.

Inda ya ban haushi, jinkiri. Dattijon ba ya ɗaga waya, in ya ce gobe to ka lissafa da jibi ko gata, kuma azara ta yi tsada sosai, kuɗin da muka yi ciniki da farko sai da aka ƙara. Amma hannunsa wallahi ba magana. In za ku kira irinsu ku fara tun da sanyi, kar ku bari sai hadari ya fara haɗuwa a watan huɗu.