Ruwan sola na garinmu: inda ya burge ni da inda ya gaza

Jama'a barkanmu da war haka. Tun da aka kafa mana tankin ruwa mai aiki da sola a garinmu nan ƙasar Gumel 'yan uwa da ke zaune Kano da Abuja ke ta tambayata wai ya abin yake, musamman waɗanda ake bi a WhatsApp ana cewa su turo gudummawar gyara, to bari yau in faɗi abin da idona ya gani, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Duk wanda ya san yankin nan namu ya san ruwa nisa gare shi. Ƙasa ce ta rairayi, rijiya sai an yi gaba da yawa kafin a tadda ruwa, idan bazara ta kankama kuwa guga sai ya dawo maka da rabi laka. Tuƙa-tuƙa muna da su amma kullum ɗaya na aiki biyu na kwance. Daga baya aka samu burtsatse mai janareta, muka ɗan sarara, har zuwa 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ma ta wuce 1,000. Daga nan janareta ya zama sai ranar da aka yi karo-karo. Wutar lantarki kuwa kar ma a ɗauko zancenta, turaku da wayoyi dai ga su nan tsaye, tsuntsaye na hutawa a kai.

To shi wannan na sola gaskiya a wajen kawo ruwa ba ni da abin cewa sai sambarka. Babu batir a jikinsa, farantan solar ne ke ba sumo, wato injin tura ruwa da ke can cikin burtsatsen, wuta kai tsaye, rana na ɗagawa ya fara turo ruwa sama cikin tanki, daga tankin ruwan ke gangarowa da kansa zuwa famfunan unguwanni. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da muka fi shan wahalar ruwa, wato Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin da ya fi ƙarfi, ranar da ke gasa mu ita ke cika tankin, kafin azahar sai ka ga har yana ambaliya. Ruwan kuma garai-garai, ba wari ba gishiri, shayi ma ya fi daɗi da shi. Farkon kafawa an ɗan riƙa ganin yashi a gindin bokiti amma yanzu ya daina.

Sai dai fa da sassafe babu. Wannan ita ce matsalar farko kuma ita ta fi damun mata. Tankin ya yi ƙanƙanta da yawan mutanen garin, abin da ya tara da rana kafin isha'i an kwashe shi tas, ita kuma uwar gida da asuba take son ruwa, ga koko ga wankan yara masu tafiya makaranta ga wanke-wanke, sai ka ga jarkoki da bokitai an jera su layi tun kafin a fito masallaci, kowa ya ajiye nasa ya tafi, wani ma dutse zai ɗora a madadin jarkarsa, famfo kuwa sai huci yake yi ba ko ɗigo har sai wajen ƙarfe 9. Nan ne ake faɗa. Wai ni na riga ki, wai wa ya matsar min da bokiti. Masu dabara tun la'asar suke cika randa su huta.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke rufe farantan, ƙarfin ruwan ya ragu sosai, tankin da ke cika kafin azahar sai ya kai la'asar bai cika ba. Anan ne na san darajar dattijon da ke gadin wurin. Ya ɗaura tsumma a bakin doguwar gora, da ɗan bokitinsa, kullum da safe kafin rana ta yi zafi yana bin farantan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, ruwan da ke zubowa jawur da ƙasa. Na ce masa Baba sannu da aiki, wannan ai kamata ya yi a samo maka yaro. Ya ce "Ɗan nan, yaro in ya hau sai ya taka min gilashi, gara in lallaɓa." Abin da ake ba shi a wata wallahi ko buhun gero ba zai saya ba, kuma shi ke kwana a wurin saboda ɓarayin waya da faranti, don a wani gari kusa da mu an taɓa kwance nasu cikin dare. Da damina in hadari ya haɗu kwana biyu a jere shi ma ruwan na yin ƙasa, amma wannan bai dame mu ba tunda ga indararo kowa na tara na sama.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na yi rubutun nan. An kafa kwamiti, mai unguwa da liman da wasu mata biyu da malamin makaranta mai riƙe littafi, aka yanke kowane gida naira 500 a wata, 'yan garuwa kuma su biya a kan kowace kura. 'Yan garuwa ba su da matsala, suna biya nan take don su ma ya sauƙaƙa musu, ba sai sun tura kura har bayan gari ba. Masu gidaje ne abin takaici. Mutum zai ce maka ai ruwan gwamnati ne, ai rana kyauta ce, me za a yi da kuɗi tunda ba a sayen mai? Kuma mai faɗin hakan kullum sai ya sa kati a waya. Rana kyauta ce ba musu, amma kan famfo ba kyauta ba ne, yara na murɗe shi ya lalace a sati, ga bututu na fashewa inda amalanke ta taka, ga akwatin nan da ke tsakanin farantan da sumo wanda in tsawa ta taɓa shi shikenan. Namu ya taɓa ƙonewa da damina, aka buɗe asusu aka ga abin da ke ciki ko rabin kuɗin bai kai ba, ɗan kwangilar da ya yi aikin aka yi ta kiran wayarsa ba ya ɗagawa, ƙarshe sai Kano aka je aka sayo aka ɗauko mai gyara, garin ya koma rijiya na makonni, a lokacin ne ma amai da gudawa ya kama yara a unguwa guda. Su waɗanda ba sa biyan su ne suka fi kowa surutu a majalisa.

Shi ma kwamitin ba zan wanke shi duka ba. Littafin yana nan kam, amma ba a karanta shi a bainar jama'a, to idan ba ka faɗa wa mutane nawa ya shigo nawa ya fita ba dole a yi zargi ko da hannunka tsaf yake. Me zai hana duk Juma'ar ƙarshen wata bayan an idar da sallah a tashi a karanto?

Sai kuma ƙazantar gindin famfo. Ba a yi wa ruwan da ke zuba hanya ba, ya taru ya zama kwata, agwagi da sauro sun samu gida, ga kore-kore a jikin simintin mutum na iya zamewa. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, muka yi ta alfahari, to bai dace a ce inda muke ɗiban ruwan sha ya zama haka ba, rami ɗaya da duwatsu ya isa ya tsotse shi. Haka makiyaya, ranar Laraba in za a wuce da dabbobi kasuwar Maigatari ta Alhamis sai a taru a famfo ɗaya mutane da shanu, da an gina musu kwami can gefe da an huta da cacar baki, kuma na tabbata za su biya.

In da maki ake bayarwa zan ba shi 7 cikin 10. Ku 'yan uwa da ke birni masu tambaya ko ku turo kuɗi, ku turo, amma ku ce na ƙarin tanki ne da kan famfo masu ƙwari da ɗan ƙari a albashin Baba mai gadi, kuma ku nemi a ɗauko muku hoton shafin littafin duk wata.