Gargaɗi ga iyaye da ɗaliban Faransanci: masu tallar "kwas ɗin hutu a Faransa" sun cuce mu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ta hana ni rubutawa. Jiya na sake ganin tallar tana yawo a WhatsApp da sabon suna, shi ya sa na ce bari in faɗa kafin wani gidan ya faɗa ramin da muka faɗa.

Ɗiyar yayana tana aji uku a jami'a, Faransanci take karanta. Tun tana sakandare ba ta da burin da ya wuce ta ji harshen nan a bakin masu shi. Wata ƙawarta ce ta turo mata tallar daga Facebook: kwas na mako shida a wata jami'a a Faransa lokacin dogon hutu, da safe aji, da yamma zagayen gidajen tarihi, masauki a gidan Faransawa, ga kuma alƙawarin ɗan aikin wucin gadi da zai mayar da kuɗin da aka kashe. Biza kuwa, in ji su, "tabbas ce". Mahaifinta ya rasu, ni ke tsaye a kan karatunta, don haka ni ta kawo wa. Ta ce, "Baffa, ko da rance ne, idan na fara aiki zan biya."

Mutumin da ya yi tallar ya kira ni da kansa. Hausarsa tas, ga ladabi, "Alhaji" a kowace jimla, lokaci-lokaci ya jefa kalmar Faransanci. Ya ce gurbi biyu suka rage, sai an hanzarta. Na je ofishinsu a bene na biyu na wata plaza: tebur ɗaya, kwamfuta, ƙaramar tutar Faransa, da hoton hasumiyar Eiffel a bango. Muka biya kuɗin fom, muka biya na ajiye gurbi, sai na inshora, sai na biza. A cikin mako biyar an tura naira miliyan 1 da dubu 900, kuma duk a asusu mai sunan mutum ɗaya. Mahaifiyar yarinyar sai da ta sayar da sarƙar da ta ajiye mata don aure. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Asirinsu ya tonu ne da takardar ɗaukar ɗaliba ta iso. Yarinyar ta kai wa malaminta a sashen Faransanci don ya taya ta murna. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ɗora yatsa a kan ranar fara darasi: 14 ga Yuli. Ya ce mata wannan ranar bikin ƙasa ce a Faransa, hutu ne a ko'ina, babu jami'ar da za ta buɗe aji a ranar. Ya nuna mata adireshin imel ɗin da ke ƙasan takardar, na Gmail ne, alhali jami'o'in Faransa da nasu adireshin suke rubuto wasiƙa. Ya kuma ja layi a ƙarƙashin kurakuran nahawu guda huɗu. Da kansa ya shiga shafin jami'ar ya rubuta musu. Bayan kwana uku suka amsa cewa ba su san sunanta ba, kuma ba su da wakili a Najeriya.

Na kira mutumin. Ya ce, "Alhaji, kada ka saurari mahassada, turo fasfonta a mota, ba sai ta zo ba, jibi biza ta fito." Allah ya taimake mu ban tura ba. Washegari layinsa a kashe. Da na koma plaza, tela na tarar yana shirya kekensa a ɗakin.

Daga baya na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko, kuma shi nake so ku riƙe. Kwasa-kwasan nan na bazara akwai su da gaske, tsofaffi ne masu mutunci. Akwai na Sorbonne a Paris da aka fara tun 1919, akwai cibiyar koyar da harsuna ta CLA a Besançon tun 1958, akwai cibiyar CAVILAM a Vichy tun 1964, akwai na Grenoble da na Angers. Kowanne yana da shafinsa, ɗalibi yana yin rajista kai tsaye, ya biya makarantar a asusun da ke ɗauke da sunanta. Gwamnatin Faransa tana ba cibiyoyin da ta tantance wata shaida mai suna Qualité FLE, kuma jerin sunayensu a buɗe yake a intanet. Da na yi ko minti goma ina duba wannan jerin tun farko, da ya ishe ni.

Maganar biza ce inda suka fi yi wa mutane ƙarya. Kwas ɗin da bai wuce kwana 90 ba, bizar ɗan gajeren zama ta Schengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya) ake nema, ana farawa daga shafin France-Visas. Kuɗinta ga yawancin masu nema Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya har na Yuro 30,000. Wanda bai taɓa nema ba dole ya je da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsunsa, a nan Najeriya ko Abuja ko Legas. Duk wanda ya ce "ba sai ta zo ba" ɓarawo ne. Babu kuma ɗan adam ɗin da zai lamunce maka biza, ofishin jakadanci kaɗai ke yanke hukunci. Wannan bizar ba ta ba da izinin aiki. Damar yin aiki na sa'o'i 964 a shekara ta ɗalibai ce masu bizar dogon zama, waɗanda ke bi ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban ƙasashen waje. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da mun shigar da waccan takardar ta jabu, da an hana ta biza, kuma bayanin yana zama a rumbun ƙasashen Schengen har shekara biyar. Da yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka ta kwashi tabon.

'Yan'uwanmu na Nijar ku ƙara kula, domin ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, kuma irin waɗannan mutane da wannan suke fakewa su ce suna da "hanya".

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da EFCC, mun sanar da banki, mun miƙa rasitai da hirarrakin WhatsApp. Har yanzu ko sisi bai dawo ba. Yarinyar ta yi kukanta ta share hawaye, ta shiga aji a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française ta Kano tana shirin DELF, jarrabawar ƙwarewa a Faransanci, matakin B1, kuma za ta yi zaman koyon harshe da 'yan ajinsu a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 don ɗalibai irinta.

Sabuwar tallar da na gani jiya ta canza suna da lambar waya, amma hotunan ɗalibai a gaban hasumiya su ne dai na da, haka ma jimlar "gurbi biyu suka rage". Idan ta shigo zauren danginku ko na makarantar 'ya'yanku, don Allah ku tura musu wannan rubutun a ƙarƙashinta.