Ajin tarihin siyasar Amurka na WhatsApp, ga yadda na same shi

Masu tambayata kan ajin nan da wani malami ɗan Agege yake yi da Hausa a WhatsApp, to ni dai na ce ku shiga. Duk wata ake biya, kuɗin ma bai kai na datar wata ba, shi kuma yana turo karatun da murya duk sati, ni a danfo nake jin nawa in gosulo ya riƙe mu a hanyar Mile 12.

Abin da ya burge ni bai tsaya kan su Lincoln da Kennedy da kowa ya haddace ba, wuraren da ake tsallakewa yake tonowa. Darasin zaɓen 1876 kaɗai wallahi ya biya ni kuɗina. Tilden na Dimokurat shi ya fi samun ƙuri'un jama'a, sai rigima ta tashi kan sakamakon Fulorida da Luwiziyana da Karolina ta Kudu, majalisa ta kafa kwamitin mutum 15, takwas suka rinjayi bakwai, aka miƙa wa Hayes na Rifabulikan mulki da ƙuri'ar wakilai 185, Tilden na da 184 (wato ƙuri'ar wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa). Sai a 1877, bayan jam'iyyun biyu sun sasanta rigimar, aka janye sojojin tarayya da ke tsare gwamnatocin Rifabulikan a Kudu, shi ke nan aka bar baƙar fatan da ba su daɗe da fita daga bauta ba a hannun iyayen gijinsu na da. Aka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu don a hana su jefa ƙuri'a, kuma ba a yi maganin abin da gaske ba sai da dokar 1965. Kusan shekara 90 fa jama'a! Malam bai yi sauri a nan ba, ya bi abin daki-daki har da yadda ƙuri'ar wakilai take aiki, wadda da yawanmu sunanta kawai muke ji a rediyo. Abin ya taɓa ni sosai, manya sun sasanta a tsakaninsu talaka ya kwana a ciki.

Na Garfield ma ya yi kyau, shugaban da wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe a 1881, abin da ya jawo dokar 1883 ta ɗaukar ma'aikatan gwamnati da jarrabawa maimakon sanayya.

Amma akwai gyara. Ƙarar janareta na shiga cikin muryar, wani lokacin sai ka manna waya a kunne kafin ka ji sunan da ya faɗa, kuma ba ya rubuto sunayen a ƙasa balle mutum ya je ya bincika da kansa. Sannan guruf ɗin a buɗe yake, ana sakin darasi sai wasu su juya shi musun siyasar gida, ka nemi karatun ka rasa cikin saƙonni.

Kuma malam don Allah a dawo mana kan taron Dimokurat na Shikago a 1968, inda Humphrey ya samu tikiti ba tare da ya shiga zaɓen fidda gwani ba. Daga nan aka sauya ƙa'ida ƙuri'ar 'yan jam'iyya ta fara yin tasiri, amma a gurguje aka wuce shi, ga shi mu nan maganar daliget ce ta fi damunmu.