Kyamarar da ƙurar hunturu ta kasa

Hunturun bana ne na biyu da nake yawo da Olympus Tough TG-6 a aljihu, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Kafin ita ina da wata ƙaramar kyamara, irin mai turo hanci waje idan an kunna. Hazo ɗaya ta yi a hannuna. Ranar da muka hau Dutsen Kufena a Zariya ƙura ta shige mata, hancin ya maƙale, ba shiga ba fita, mai gyara ya ce kuɗin aikin ya kusa na sabuwa. Tun daga ranar na daina tambayar megafiksel nawa, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, na koma duba ta ina ƙura za ta shiga.

TG-6 ba ta da wannan kafar. Gilashinta daga ciki yake motsi, jikin a rufe ruf. Masu ƙera ta sun ce tana jure ruwa har zurfin mita 15, da faɗuwa daga tsayin mita 2.1. Ban gwada nutso da ita ba, amma ta taɓa suɓuce mini a duwatsun Shere, gefen Jos. Gabana ya faɗi. Na ɗauka na hure ta, muka ci gaba da hawa. In ta yi futu-futu, bakin famfo nake kai ta in ɗauraye kamar cokali, bayan na tabbatar murfin batir da na caji sun kulle. Nauyinta giram 253 ne kacal, har mantawa nake tana aljihu.

Abin da ban zata zai ɗauke mini hankali ba shi ne hoton kusa. Tana ɗaukar abu daga tazarar santimita ɗaya, har gashin ƙafar tururuwa ka gani. Yarana sun mayar da ita abin kallon ƙwari a tsakar gida.

Sai dai kyamarar rana ce. Megafiksel 12 gare ta, abin karɓar haskenta ƙarami, da an yi magariba hoto ya fara yin tsaki-tsaki. A wajen biki da dare wayar ƙanwata ta fi ta. Jawo nesa ma ninki huɗu ne, shaho a sama ɗigo kawai yake fitowa.

Batir yana kai ni yini guda, amma na sayi na biyu saboda tafiyar kwana. Mai neman sabuwa fil ya tambayi TG-7, wadda ta gaje ta a 2023 da sunan OM System maimakon Olympus. Ni dai tawa ba ta ba ni dalilin canji ba tukuna.