Falanki kan falanki ko baki da baki: wanne ya dace da jirginka?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin ƙera jirgin ruwa na katako mai filafilai, tsawonsa mita 7, kana tambaya ko ka ɗora bakin kowane falanki a kan na ƙasansa, wato kilinka, ko ka jera su baki da baki, wato kabel. Ni dai a wannan tsawon, kilinka zan ce ka yi.

A kilinka, jikin jirgi ake fara haɗawa. Kowane falanki yana hawa kan ɗan'uwansa kaɗan, a huda su tare, a sa ƙusar jan ƙarfe, a zura mata ɗan zobe ta ciki, a datse tsinin, a daddake shi har ya baje. Mutum biyu ke aikin: ɗaya a waje ya tokare kan ƙusar da ƙarfe mai nauyi, ɗaya a ciki yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Daga baya ne ake turara siraran haƙarƙari, wato katakan da ke tokare jikin jirgi, a lanƙwasa su ciki tun da zafinsu. Da yake falankan na riƙe da juna, ba sai sun yi kauri ba, shi ya sa jirgin ke fitowa ba nauyi. Da kilinka aka ƙera jirgin Gokstad da aka tono a Norway a 1880, falanki 16 a kowane gefe. Kuma Folkboat, wani samfurin ƙaramin jirgi mai filafilai wanda aka fara ƙerawa a Suwidin a 1942, mita 7.68 ne, kusan tsaran naka, kilinka ne.

Amma fa kilinka ba ya rufa wa kafinta asiri. Katako ne ke kwanciya a kan katako, in ka bar giɓi, ta nan ruwa zai shigo. Ranar gyara ma da aiki, don kafin ka cire falanki ɗaya sai ka kwance ƙusoshin sama da na ƙasa.

Kabel kuwa haƙarƙari ake fara kafawa a kan ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon da ke can ƙasansa, sannan a bi su da falankai masu kauri. Ana barin ɗan tsagi a bakin waje, a dunƙula auduga a cusa da ƙarfe mai faɗin baki, a shafe da abin toshiya. In jirgi ya shiga ruwa, katako ya kumbura, sai ya matse audugar. Jiki sumul, falanki ɗaya kuma ana sauya shi cikin sauƙi. Illarsa nauyi, ga shi ba ya son daɗewa a tudu: katako na bushewa, tsagi ya buɗe har ka hango haske ta ciki. Wanda ya cika cusa auduga a busasshen jirgi kuma, in katakon ya kumbura yana iya tsage haƙarƙari. Babban jirgi mai kwana a ruwa shi ya fi dacewa da wannan.

Ko wanne ka ɗauka, falankin farko da ke manne da ƙashin baya shi zai fi ba ka wuya, don murɗawa yake yi daga kwance zuwa tsaye. Ka turara shi, awa ɗaya ga kowane inci na kauri, ka fara gwada ma'auninsa da siririn katako kafin ka sa zarto a mai tsadan.