Daga Legas zuwa Guangzhou: ta Addis, ta Doha, ko ta Dubai?

Da zarar baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta ƙasar Sin ya ƙarato, a watan Afrilu ko Oktoba, sai tambaya ɗaya ta yi ta yawo a majalisarmu ta Agege: "Alhaji, wane jirgi ya fi sauri?" Nakan ce musu ba nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin Legas da Guangzhou akwai tazarar sama da kilomita 11,000, kuma ko ta wace hanya ka bi, zaman cikin jirgi ba zai gaza awa 15 zuwa 16 ba. Bambancin yana wajen yada zango.

Ta Habasha, jirgin Ethiopian zai ɗauke ka daga filin Murtala Muhammed da ke Ikeja ya sauke ka Addis Ababa cikin awa biyar da 'yan kai, sannan ka sha zaman kusan awa goma kafin ka taka filin Baiyun na Guangzhou. A wannan hanyar 'yan kasuwarmu suka fi yawa, za ka ji Hausa da Ibo suna tashi ta kowane lungu. Kada ka sa jaket a akwatin da za a loda. Addis tana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, sanyin darenta ba ya jin kunyar babbar riga.

Ta Doha da Qatar Airways, ko ta Dubai da Emirates, tafiyar ta rabu kusan daidai wa daida: wajen awa bakwai zuwa takwas, ka sauka ka miƙe ƙafa, ka yi alwala ka yi salla a natse, sannan ka ƙara wasu bakwai zuwa takwas. Mai ciwon baya ko dattijo, wannan nake zaɓa masa. Emirates dai ta taɓa dakatar da zuwa Najeriya a 2022, sai Oktoban 2024 ta dawo. Akwai kuma EgyptAir ta Alƙahira, rabonta kusan irin na Addis ne.

Kafin ka biya, sa ejan ya nuna maka awa nawa za ka jira a tsakiya. Na taɓa rowar 'yan kuɗi kaɗan na sayi tikiti mai arha, na kwana kan kujerar ƙarfe da jakata a matsayin matashi, abin da na rage kuwa ya tafi a shayi da burodi. Jiran da bai kai awa biyu ba shi ma tarko ne: jirgi ya makara kaɗan a Ikeja, ka isa kai kaɗai, akwatinka ya biyo baya.

Sai kaya. Zuwa kowa hannu rabbana yake tafiya, dawowa ce ke da nauyi. Duba kilo nawa aka rubuta a tikitinka, kuma nawa ne kuɗin ƙari.

Agogon Sin yana gaban namu da awa bakwai, don haka lokacin sauka da ke tikiti nasu ne, kada ya ruɗe ka. Dawowa kuma takan ɗan fi zuwa tsawo saboda jirgi na fuskantar iska. In Juma'a kake son samu a Agege, ka baro Guangzhou tun Laraba.