Gumin mutum huɗu don dattijo ya ga teku

Wani abokin aikina a nan Brest, a ƙasar Faransa, ne ya ja ni. Ya ce ƙungiyarsu ta 'yan sa-kai na neman mai ƙarfin kafaɗa ranar Asabar, za su fita da wani dattijo da ƙafafunsa suka shanye. Na ɗauka lambu za mu shiga mu tura shi a kan kwalta. Ashe yankin Crozon na bakin teku muka nufa, daga Morgat zuwa Cap de la Chèvre, inda dutse ya miƙe kusan mita 100 a kan teku, hanyar kuma a wasu wurare mutum biyu ba sa jerawa.

Hanyar sunanta GR34, ta bi gaɓar tekun yankin Bretagne fiye da kilomita 2,000. A 1791 'yan kwastan suka fara sintiri a kanta suna farautar 'yan fasa-ƙwauri. A 1976 aka yi doka cewa ko filinka ne ya kai bakin teku, sai ka bar wa masu tafiya a ƙasa mita uku. Ku gwada faɗa wa mai fuloti haka a gida.

Keken da muka ɗauke shi da shi ake kira joëlette. Kujera ce a kan taya ɗaya, da sanduna gaba da baya, kamar baro mai hannu ta kowane ɓangare. Wani Bafaranshe, Joël Claudel, ya ƙirƙiro ta don ɗan ɗan'uwansa mai ciwon tsoka ya riƙa bin su hawan dutse. Na gaba yana ja yana zaɓen hanya, na baya yana riƙe da birki yana daidaita nauyi, biyu kuma suna gefe suna jiran karɓa. Ni aka sa a gaba. A gangara gwiwoyina suka riƙa rawa, iska na neman tuge ni, dattijo kuwa yana zaune yana ba da umarni: a tsaya nan, a juya shi ya ga wancan tsuntsun, a rage gudu. Ba roƙo a muryarsa, ba shi albarka. Raina ya so ya ɓaci, sai na lura babu wanda abin ya dama sai ni.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ba asibiti muka kai shi ba, ba neman taimako ba. Marmarin ganin teku kawai ya yi, mutum huɗu suka ba da yininsu. Mu a gida hannunmu a buɗe yake, ba na musu. Muna miƙa wa gurgu naira ɗari ta tagar mota, mu ji mun sauke nauyi. Amma wa ya taɓa tambayarsa ko yana sha'awar hawa Dala? Masallacin unguwa matakala biyar, ƙofar banki mai ƙafa biyu ma da ƙyar yake shigewa. A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce, matakalar na nan.

Kada ku ce komai nasu zuma ne. Kafin fitar sai da aka cike takardu, da inshora, da jiran makonni. Abincin rana burodi ne mai sanyi da cuku, muka ci a tsaye cikin yayyafi, ni ina tunanin ƙosai da kunun tsamiya. Kuma duk cikinmu babu ɗan'uwansa ko ɗaya. A Kano da ƙanne da jikoki sun cika wurin, sai dai su ne za su fara cewa, "Baba, me za ka je yi a kan dutse? Ka zauna ka huta."

Keken da tsada, shi ya sa ƙungiyoyi ke saye ana aro. Na duƙa na duba shi da kyau: bututun ƙarfe, taya, birki, sifirin. Masu shan-inna da ke walda keken hannu a Kano ba abin da zai gagare su a ciki. Na ɗauki hotunansa ta kowace kusurwa, har da ma'aunin sandunan, in akwai mai walda da ke so.